Furen da Ke Kan Allo da Furen da Ke Kan Hannu

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu na ɗaukar zanen furanni a matsayin sha'anin Turawa kawai. Ni kuwa ina ganin muna da namu, raina shi muke yi.

A ƙarni na 17, masu zane a ƙasar Holan sun shahara wajen zana furanni cikin tulu. Daga cikinsu akwai Ambrosius Bosschaert da ya rasu a 1621, sai Rachel Ruysch da ta rayu daga 1664 zuwa 1750. Sukan haɗa furannin da ba sa tohowa lokaci guda, su sa ƙwaro a kan ganye, ko fure ɗaya da ya fara yaushi. Saƙon shi ne: kyau ba ya dawwama. Amma ga abin mamaki, furen da aka zana don tuna mana da ƙarewa yana nan rataye a gidan tarihi, shekara fiye da 300 bai yi yaushi ba.

To, mu dawo gida. A Azare da sauran garuruwan ƙasar Katagum, da wuya a kai amarya ba a yi mata zanen fulawa da lalle ba. Mai zanen takan ɓata sa'o'i tana fitar da reshe da ganye da fure, alhali ta san cikin mako biyu ko uku wanka da wanke-wanke za su share aikin. A ganina wannan ya fi na Turawa faɗin gaskiya, domin zanen da kansa yake mutuwa. Kafin ya gama dushewa baƙi sun watse, amarci ya fara ba zaman aure wuri. Ai Bahaushe ya ce duniya rawar 'yan mata ce.

Damuwata ita ce salon ma yana wucewa. Kakanninmu zunguru suka sani, iyayenmu suka yi yayin salatif, mu muka tarar da fulawa. Wa ya rubuta sunayen waɗannan zane-zane? Wa ya tambayi masu ƙunshi ma'anarsu? Kullum kundayenmu karin magana ne da waƙoƙin makaɗa.

Don haka ina kira ga masu neman batun kundi: ku je wurin masu ƙunshi da littafi da biro tun tsofaffinsu na raye. Lalle ya dushe ba komai, amma kada iliminsa ya bi shi.