NAZARI: Ana gina rumfunan gyaran jirage, amma wa zai sa hannu jirgin ya tashi?

A ranar 28 ga Nuwamba, 2025, kamfanin ƙera jirage na Airbus ya sanar da kamfanonin sufuri cewa jirage kusan 6,000 na dangin A320 na buƙatar gyaran gaggawa kafin su ci gaba da ɗaukar fasinja. Injinan jiragen lafiya lau suke, haka ma fukafukansu. Abin da aka gano shi ne hasken rana mai tsanani na iya gurɓata bayanan da ke cikin kwamfutar da ke sarrafa ɗagawa da sunkuyar da hancin jirgin, bayan wani jirgin JetBlue da ya taso daga Meziko ya yi ƙasa ba zato ba tsammani a ƙarshen Oktoba. Ga mafi yawan jiragen, maganin shi ne a mayar da tsohuwar manhaja, aikin 'yan sa'o'i kaɗan. Sai dai ba kowa ke da iznin yin wannan aiki ba. Sai injiniyan na'urorin laturoni na jirgi, mai lasisi, wanda zai loda manhajar, ya gwada ta, sannan ya rattaba hannu cewa jirgin ya cancanci tashi.

Wannan mutum ne Najeriya ba ta cika tunawa da shi ba duk lokacin da ake maganar farfaɗo da sufurin sama. Hatta sunan da jama'a suka laƙaba wa makarantar da ke horar da shi ya ɓoye shi. Kwalejin Fasahar Sufurin Sama ta Najeriya, NCAT, da ke Palladan a Zariya, wadda aka kafa da dokar 1964, a bakin mutane kwalejin koyon tuƙin jirgi ce kawai. Alhali kuwa a cikinta akwai makarantar injiniyoyin gyaran jirage, inda ɗalibi ke zaɓar ko dai ɓangaren gangar jiki da inji, ko ɓangaren na'urorin laturoni; akwai kuma wata makaranta dabam ta masu kula da rada da na'urorin sadarwa da ke ƙasa.

Aikin mai na'urorin laturoni ya shafi duk abin da jirgi ke gani da ji da magana da shi: rediyon da matuƙi ke tattaunawa da hasumiya, radar hango hadari, na'urar da ke gargaɗi idan wani jirgi ya matso ko ƙasa ta kusanto, na'urar tuƙi da kai, allunan da suka maye gurbin tsofaffin agogunan gaban matuƙi, akwatin naɗar bayanai, da dubban wayoyin da suka haɗa su. Ko a lokacin hunturu, sa'ad da hazo ke hana jirage sauka a Kano ko Abuja, na'urar saukar da jirgi da ke filin ba ta wadatar ita kaɗai. Sai wadda ke cikin jirgin ta kasance an gwada ta an tabbatar da daidaitonta.

Hatsarin Lion Air na 29 ga Oktoba, 2018, wanda ya ci rayuka 189 a Indunusiya, ya nuna nauyin wannan sa hannu. An fi ɗora laifin kan tsarin da Boeing ta saka wa jirgin 737 MAX, kuma da gaskiya. Amma rahoton masu bincike ya kuma nuna cewa na'urar auna kusurwar iska da aka sanya wa jirgin jim kaɗan kafin hatsarin an saita ta ba daidai ba tun a wurin da aka gyara ta a Amurka, kuma ba a iya tabbatar da cewa an yi gwajin da ya kamata bayan ɗaura ta ba. Ƙasa da watanni biyar bayan haka irin wannan jirgi na Habasha ya faɗi da mutum 157, cikinsu har da Farfesa Pius Adesanmi da Ambasada Abiodun Bashua.

Dalilin da ya sa batun ya zama na yanzu a Najeriya shi ne manufar da Ministan Sufurin Sama Festus Keyamo ya fi tinƙaho da ita. A watan Satumban 2024 aka sanya hannu kan ƙa'idar da kotuna za su bi wajen aiwatar da Yarjejeniyar Cape Town, wadda ke tabbatar wa masu ba da hayar jirage cewa za su iya karɓe kayansu idan an kasa biya. Makin Najeriya a ma'aunin masu ba da haya ya tashi daga 49 zuwa 70.5, daga bisani ya kai 75.5. Burin shi ne kamfanonin cikin gida su daina dogara da hayar da ke zuwa da matuƙa da injiniyoyi da inshorar mai jirgi, su koma hayar jirgi tsurarsa, wadda ta fi araha nesa ba kusa ba. To amma a hayar tsurar jirgi, kula da lafiyarsa na wuyan wanda ya karɓa. Duk jirgin da ya shigo ta wannan hanya yana buƙatar injiniyoyi masu lasisin Najeriya a kowane filin da yake kwana.

Haka nan batun rumfunan gyara. Shekara da shekaru kamfanonin Najeriya na kai jirage Habasha da Turai da Gabas ta Tsakiya domin babban gyaran da ake yi kusan duk bayan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, suna biya da dala, jirgin kuma ya yi makonni ko watanni yana jiran layi. Aero Contractors ta fara yin irin wannan gyara ga tsofaffin jiragen Boeing 737 a Legas, Jihar Akwa Ibom ta gina rumfa a Uyo, Air Peace kuma ta aza harsashin tata a filin jirgin Murtala Muhammed a Satumban 2025. Gini dai kuɗi da siminti ne, ana iya kammala shi cikin shekara biyu. Injiniyan da zai tsaya a ciki ya sa hannu yana ɗaukar fiye da haka.

A nan ne ya kamata iyaye da masu tsara manufa su fahimci bambancin takardar kammala kwaleji da lasisi. Matashin da ya gama difloma ko babbar difloma a Zariya, ko a Cibiyar Fasaha ta Rundunar Sojin Sama da ke Kaduna wadda ke ɗaukar farar hula, bai samu iznin sallamar jirgi ba tukuna. Lasisi a hannun Hukumar Kula da Sufurin Sama, NCAA, yake, kuma sai an ci jarrabawarta an kuma nuna shaidar aiki da hannu a kan jirgi na gaske. Ƙa'idar Hukumar Sufurin Sama ta Duniya, ICAO, ga mai neman iko a kan jirgi ɗungurungum ita ce gogewar shekara huɗu, ko biyu idan ya kammala horon da aka amince da shi. A Turai, lasisin B2 na masu na'urorin laturoni na buƙatar shekara biyar ga wanda bai bi ta makarantar da aka amince da ita ba, biyu ga wanda ya bi.

Bayan lasisin kuma akwai wani tsani. Kowane samfurin jirgi da horonsa. Wanda ya ƙware a Boeing 737-500, jirgin da igiyoyin ƙarfe da matsin mai ke motsa fukafukansa, ba zai sa hannu a kan Embraer E195-E2 na Air Peace ko Airbus A220 na Ibom Air ba, jiragen da kwamfuta ke isar da umarnin matuƙi ta waya. Wannan horo galibi a waje ake yinsa, da kuɗin waje, kuma kamfani ne ke biya. Kamfanin da ya biya yana tsoron kada ma'aikacin ya dawo da takarda ya wuce Dubai ko Doha, inda albashi da dala ne. Don haka wasu sun gwammace su ɗauko baƙo wanda ya riga ya ƙware. Sai a wayi gari da abu biyu a lokaci guda: matasa masu difloma suna yawo da takardu ba aiki, kamfanoni kuma suna kukan ba su da injiniyoyi. Duka biyun gaskiya suke faɗa.

Da can akwai gadar da ke haɗa aji da rumfa. Kamfanin Nigeria Airways, duk da irin almubazzarancin da ya kashe shi, shi ne ya riƙa ɗaukar matasa yana tura su horo yana goga su a ƙarƙashin manya. Tun da ya daina aiki a 2003 ba a samu wanda ya gaji wannan nauyi ba, kuma waɗanda ya horar tsufa na cim masu. Habasha ta riƙe nata kamfanin da makarantarsa da rumfarsa a wuri guda a Addis Ababa, shi ya sa ɗalibi ke fita daga aji ya shiga ƙarƙashin jirgi ba tare da ya nemi alfarmar kowa ba.

Sannan ga kuɗi. Doka ta ɗora harajin kashi 5 cikin ɗari a kan tikitin jirgi, ana raba shi tsakanin hukumomin sufurin sama, kuma rabon kwalejin Zariya kashi 7 ne cikin ɗari na abin da aka tara. Ma'ana, a tikitin naira 100,000, kwalejin na samun naira 350, idan kamfanin ya miƙa kuɗin ke nan, domin NCAA ta sha kokawa kan bashin wannan haraji. Ƙungiyoyin ma'aikatan sufurin sama kuma sun yi ta ƙorafi a 2024 kan cire rabin kuɗin shigar hukumominsu zuwa asusun tarayya. Koyar da na'urorin laturoni kuwa ba a yinsa da allo da alli. Ana buƙatar teburan gwaji, da na'urorin da za a riƙa sake saita su lokaci-lokaci, da lasisin manhajoji, da malaman da su ma ake sabunta horonsu. Kusan duk da dala ake sayensu. Maganar buɗe wa kwalejin rassa a wasu shiyyoyi tana da daɗin ji a siyasance, amma raba kayan aikin da ba su ishi harabar Palladan ba zuwa wurare da dama abu ne da ya kamata a yi wa lissafi tukuna.

Akwai kuma abin da ya shafi aikin gwamnati kai tsaye. Sufetocin da NCAA ke turawa su binciki lafiyar jirage dole su kasance injiniyoyi masu gogewa, kuma daga tafkin da kamfanoni ke kamun kifi ita ma take kamawa, da albashin da bai kai nasu ba. Da yawa daga masu wannan sana'a ta hanyar difloma suka shigo, ga shi har yanzu ba a warware bambancin da ake nuna wa mai babbar difloma a kan mai digiri ba, tun da ƙudirin da Majalisar Tarayya ta zartar a 2021 bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. Abin mamaki ne a ce sa hannun mutum ya isa jirgi mai fasinja ɗari da hamsin ya tashi, amma takardarsa ba ta isa ya kai wani mataki a ofis ba.

Gyaran da ya fi sauƙi ba ya buƙatar sabuwar hukuma. Duk kamfanin da gwamnati ta ba fili a filin jirgi ko sassaucin harajin kwastan don gina rumfa, ana iya rubuta masa a yarjejeniya adadin ɗaliban da zai ɗauka koyon aiki kowace shekara har su cika sharuɗɗan lasisi. Ana iya ɗaure iznin shigo da baƙon injiniya da sunan ɗan ƙasar da zai gaje shi da ranar miƙa aiki. Ana kuma iya sauƙaƙa wa ƙwararrun sojin sama da suka yi ritaya hanyar mayar da gogewarsu lasisin farar hula.

Idan shugabannin kwalejin da na NCAA suka zo kare kasafin kuɗi a gaban kwamitocin majalisa, al'ada ita ce a tambaye su ɗalibai nawa aka yaye da gine-gine nawa aka kammala. Hadimin da ke shirya wa mai gidansa tambayoyi zai iya ƙara guda biyu: cikin waɗanda suka kammala ɓangaren na'urorin laturoni a shekaru biyar da suka wuce, nawa ne suka samu lasisi, kuma cikin masu lasisin nawa ne har yanzu ke sa hannu a kan jirgi mai rajistar Najeriya. Rajistar lasisin tana hannun NCAA, jerin waɗanda aka yaye kuma yana Zariya.