Sanyi Ba Ya Wanke Jini

A 1978 wani likita a Japan ya fara shigar da masu ciwon gaɓoɓi ɗakin matsanancin sanyi na 'yan mintoci. Yau lafiyayyun 'yan wasa sun mai da shi ado, wai yana wanke jini. A 2016 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ce babu hujja. Abin da likitoci suka tabbatar shi ne, sanyi yakan tsuke jijiyoyi, jini ya hau, ya kuma yi kauri.

To, mu a ƙasar Daura ɗakin sanyinmu shi ne wankan asuba da hunturu. Ma'aikaci ko ɗalibin da bai auna jininsa ba, ya ɗumama ruwa. Rigakafi ya fi magani.