Kwalbar mai ba ta dawo da gashin da kitso ya kashe

Maganar da wata mai sayar da haɗin man gashi ta yi a wani shirin mata na rediyo makon jiya ita ce ta hana ni yin shiru. Cewa ta yi babu zubewar gashin da haɗinta ba ya tsayarwa, na mace ne ko na namiji, na gado ne ko na jego, kuma duk wadda ta je kemis ta sayi maganin Bature guba ta sayo wa kanta. Mai gabatar da shirin ba ta ce mata kanzil ba, sai "Masha Allah, Hajiya", sannan ta karanto lambar waya. Wannan magana ƙarya ce, kuma abin da ya sa take da haɗari shi ne ta faɗa daidai kan abin da yawancinmu muka riga muka gaskata, wato zubewar gashi ciwo ɗaya ne, maganinsa kuma a shafa mai.

Ba ciwo ɗaya ba ne. Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya kuwa shi ne wanda muke jawo wa 'ya'yanmu mata da hannunmu. Ku shiga gidan kitso ranar jajibirin Sallah. Yarinya 'yar shekara shida tana durƙushe tsakanin cinyoyin makitsiya, ana kamo 'yan siraran gashin goshinta ana ja har girarta ta ɗaga sama. Tana hawaye uwa tana cewa, "Daure mana, so kike ya warware kafin hawan Nasarawa?" Da dare ta kasa ɗora kai a matashi, a ba ta farasitamol. Bayan kwana biyu ƙananan ƙuraje sun jeru a bakin layin kitson. Waɗannan ƙuraje alama ce saiwar gashi ta ji rauni. A haka za ta girma, daga shuku zuwa kalaba, daga baya a zuba rilaksa a kuma ɗora ƙarin gashi mai nauyi, har ranar da za ta tsaya gaban madubi ta ga goshinta ya ja baya, gefen kunnuwa ya zama fili. Farfesa Nonhlanhla Khumalo, likitar fata a Jami'ar Cape Town, ta duba kawunan manya a Afirka ta Kudu a binciken da ta wallafa a 2007, ta tarar kusan mace ɗaya cikin uku na da irin wannan zubewar da ja ke haifarwa, kuma abin ya fi muni ga wadda aka yi wa kitso mai tsauri a kan gashin da rilaksa ya riga ya raunana. Irin gashinmu ne, irin kitsonmu ne.

Da farko abin yana gyaruwa. A sassauta kitso, a bar kai ya huta, gashi ya dawo. In aka ci gaba shekara da shekaru sai saiwar ta mutu, wurin ya zama tabo mai sheƙi, kuma daga nan shafa mai daidai yake da zuba taki a kan siminti. To watannin da mace take ɓatawa tana shafa haɗin Hajiya safe da yamma, kanta na ɗaure da kitson da ke tsige shi, su ne watannin da za a iya ceto gashin. Mai kwalba ba za ta taɓa ce mata ta warware kitson ba, don a wannan shawara babu ciniki.

Za a ce ai ga matan Chadi, gashi har gadon baya, kuma chebe suke shafawa. Ku tambaye su yadda suke yi. A jikin silin gashin ake shafa garin da mai, a kitse shi a bar shi, amfaninsa shi ne ya hana gashin da ke nan bushewa da karyewa. Haka man kaɗanya, haka man kwakwa, haka karkar na mutanen Sudan. Duk suna da kyau ga wannan aikin, ni ma akwai su a gidana. Amma hana gashi karyewa daban, tsiro da shi daga inda saiwa ta mutu daban. Masu talla sun san wannan bambanci sarai, da gangan suke cakuɗa su.

Babbar kasuwarsu kuwa masu jego ne. Wata uku ko huɗu bayan haihuwa mace za ta ga gashi na cika matsefi, hankalinta ya tashi. Wannan abu ne da jiki ke yi saboda sauyin sinadaran da ciki ya kawo, kuma galibi yana tsayawa da kansa kafin yaro ya shekara. A daidai lokacin firgicin ake tura mata kwalba. Gashin da dama zai dawo ya dawo, sai a ɗauki hoton kanta a watsa a WhatsApp a matsayin shaida. Wadda nata bai dawo ba, wataƙila ƙarancin jini ke damunta ko ciwon maƙoƙo, abin da gwajin jini zai nuna, ita kuma sai a ce ba ta shafa yadda ya kamata ba, ta ƙaro kwalba ta biyu.

Shi kuma maganin da aka kira guba, minoxidil ke nan. Asalinsa ƙwayar hawan jini ce, likitoci suka lura masu shan ta gashi na tsiro musu, aka mayar da shi na shafawa, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don sanƙon maza a 1988, daga baya ta amince wa mata. Ana samun sa mai ƙarfin kashi 2 da kashi 5 cikin ɗari. Ba na yi masa talla. Ba kowa yake yi wa aiki ba, sai an yi wata huɗu zuwa shida kafin a ga wani abu, a makonnin farko ma gashi kan ƙara zuba, yana sa wa wasu ƙaiƙayi, mai ciki da mai shayarwa ba a so su taɓa shi, kuma ranar da aka daina abin da aka samu zai koma. Duk wannan a rubuce yake cikin takardar da ke kwalinsa. A nuna mini takardar da ke cikin haɗin Hajiya, wadda ta faɗi abin da aka zuba da illarsa.

Wasu za su kawo zancen ruwan albasa su ce ai har bincike aka yi. An yi, a Iraƙi, a 2002, kan mutum 38, kuma kan wata irin zubewa ce ta daban wadda gashi ke ɓacewa zagaye-zagaye. Bai shafi sanƙon gado ba, bai shafi goshin da kitso ya cinye ba. Ba zan ɓata tawada a kai ba.

Wasu kuma za su ce ina taɓa maganin Musulunci, tunda an zuba habbatus sauda da zaitun a haɗin. Wannan garkuwa ta tsufa. Ban ce komai kan habbatus sauda ba. Da ɗan kasuwar da ya ɗiga ta cikin man da shi kaɗai ya san abin da ke ciki nake, ya manna hoton masallaci a kwalba don kada a yi masa tambaya. Addinin da yake fakewa da shi ne ya haramta algus a ciniki. Lambar NAFDAC da suke ɗagawa ma haka. Rajistar da hukumar ke yi wa yawancin magungunan gargajiya tana nuna an duba ba su da haɗari ne kawai, shi ya sa ake wajabta rubuta a jikin kwalba cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwa ba. Da Turanci ake rubutawa, da ƙananan baƙaƙe, kuma ban taɓa jin an fassara wa mai sauraro wannan layin a rediyo ba.

Rigimata da gidajen rediyonmu kan wannan ta daɗe. Mun yi ta ƙorafi kan masu mota da lasifika da ke tsayawa bakin kasuwa suna batsa da sunan maganin basir da ƙarfin maza, sai ga shi an buɗe musu ƙofar situdiyo, an ba su kujera da rabin awa don sun biya. Tashar da za ta gayyato likitan fata daga Asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika ya yi bayani kyauta ta gwammace ta sayar da lokacin. A irin shirin nan na ji an ce wa wata uwa ta shafa wa ɗanta haɗin a kan makero. Makeron kai ƙwayar cuta ce da ke shiga cikin saiwar gashi, man shafawa ba ya kai mata, sai maganin sha na makonni da likita zai rubuta, kuma tana bin aska da matsefi daga kan wannan yaro zuwa wancan. In aka bar ta ta kumbura ta yi ruwa, tabon da za ta bari gashi ba ya sake fitowa a kansa. Manajan tashar da ya karɓi kuɗin wannan shiri yana da alhakin yaron nan, kuma hukumar NBC da ke kula da gidajen rediyo tana da ikon tambayar sa dalili.