Shawarar wanga wata: Aya-aya cikin garkar albasa



Daren jiya, bayan mun ƙare karatu, wani dattijo daga cikin ɗalibaina ya tsaida ni. Ya ce: "Malam, sau huɗu na nome fangalina bana. Kwana biyar aya-aya ta sake fitowa. Albasata ta tsaya ƙanana, buhu bai cika ba. Ko sammu aka yi mini?" Na ce masa: "Baba, ba sammu ba ne. Ganye kake yankewa, ita kuwa ranta yana ƙarƙashin ƙasa."

Wanga haki kowa ya san shi. Wasu suna ce masa jiji. Ɗan'uwan ayar da ake nomawa a Maraɗi ne, amma shi ba ya da amfani ga manomi. Yana son wuri mai zafi da laima. Shi ya sa ya yi yawa a gandarin noman rani na Ƙonni, inda ruwan Mozage da Zongo ke zuwa, da garake na Galmi da Gidan Idar, da fadamar Badagishiri.

Ka tona gindi guda ka duba. Za ka ga ƴaƴa baƙaƙe, masu ƙamshi, a jere bisa saiwa kamar tasbaha. Kowace ɗaya tana iya zama sabon haki. In hauya ta tsinke saiwar cikin ƙasa mai laima, waɗanda ke barci sai su farka su tsiro. Ita kuma albasa ganyenta siriri ne, ba ta yi wa ƙasa inuwa. Aya-aya ta sha ruwanta, ta ci takinta.

To, mine ne magani? Abu biyu ne aya-aya ba ta so: ƙunar rana bisa ƴaƴanta, da inuwa bisa ganyenta.

Na ɗaya. Bayan cirar albasa, cikin Afrilu da Mayu, ka yanke ruwa, ka bari ƙasa ta bushe. Ka kafce da zurfi, kamar taki guda na hannu. Ƴaƴan da suka fito fili, rana za ta kashe su. Bayan mako 2 ka sake juya ƙasar. Ka tsince abin da ka gani, ka ƙone. Kada ka zuba shi bakin hanyar ruwa, ruwa zai kai wa maƙwabcinka.

Na biyu. Da damina kada ka bar wurin haka nan. Ka shuka wake ko dankali, kusa da kusa, su rufe ƙasa.

Na uku. Ka zaɓi wuri mai tsabta don yafa iri. Ranar dashe, ka kakkaɓe ƙasar da ke gindin iri. Ka kankare hauya da garma kafin ka shiga wata garka.

Na huɗu. Mako 6 zuwa 8 na farko bayan dashe su ne albasa ba ta da ƙarfi. Nan ne za ka tsananta. Ka cire hakin tun yana da ganye 3 ko 4, kafin ya yi sababbin ƴaƴa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Makiyaya, ku ma da naku. Takin garke yana ɗauke da irin haki iri-iri. Ku tara shi cikin rami, a yayyafa ruwa, ya ruɓe sosai kafin a kai garka. Ruɓaɓɓen taki ya fi ɗanye daraja.

Batun maganin feshi na kasuwa kuwa, ku yi hattara. Da yawa ganye kawai suke ƙonewa, wani kuma har da albasar. Kada ka sayi kwalbar da ba ta da takarda. Kai da ka iya karatu yanzu, ka karanta, sannan ka tambayi malamin gona.

Gaskiya, shekara guda ba ta ƙare aya-aya. Amma in masu fangalin da ke jere suka haɗa kai, kowa ya kafce nasa cikin bazara guda, za su ga bambanci ga buhu. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa ɗan'uwansa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.