Burodi Cikin Nama Ba Algus Ba Ne

Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in faɗi albarkacin bakina kan wata gardama da ta kaure a rumfarmu ran kasuwa. A kan wani abincin Jamusawa ne da suke kira Hackbraten, wasu kuma su ce Falscher Hase, wato zomon ƙarya. Ina kwatanta yadda ake yin sa sai wani mahauci ya ce ai wannan algus ne tsagwaronsa. Ni dai ban yarda ba.

Ga yadda suke yi. A sami niƙaƙƙen nama kamar rabin kilo, a jiƙa ƙaramin burodin da ya kwana a ruwa ko madara, a matse, a zuba da albasa, ɗanyen ƙwai 1, gishiri da masoro. A cuɗa sosai, a mulmula shi dogo kamar bayan zomo. Wasu sukan binne dafaffen ƙwai 2 ko 3 a tsakiya. Sai a gasa a tanda wajen awa 1.

To jama'a, ina algus a nan? Algus shi ne ka ɓoye wa mai saye abin da ka sa. Su kuwa har a sunan abincin sun faɗa maka ba zomo ba ne! Bayan yaƙin duniya na biyu, da ya ƙare a 1945, nama ya yi wuya a Jamus, kuma da irin wannan dabara uwargida ke sa ɗan nama ya zagaya kowa. Kuma burodin nan aiki yake yi, shi ke riƙe romon. Cire shi ka gani, naman zai fito a bushe, da tauri kamar ganda. Mahaucin namu fa, a ganina, so yake a sayi kilo guda maimakon rabi.

Abu ɗaya zan ja kunne a kai. Jamusawa galibi rabin naman shanu ne rabi na alade, wani sa'in har su shimfiɗa kitsen alade a sama. Duk wanda tafiya ta kai shi can ya tambaya kafin ya kai loma. Mai yi a gida kuwa sai ya haɗa na shanu da na rago mai ɗan kitse.

 

Naku,
Wani ɗan tireda mai karatunku kullum.