Zauren Iyali: Kafin a buɗe gwangwanin fenti



Duk shekara, da zarar azumi ya raba tsakiya, sai mu ga an fitar da kaya tsakar gida, mai fenti yana ta kai da kawowa. Sau da yawa maigida shi kaɗai yake zuwa kasuwa ya zaɓo launi, alhali uwargida ce take wuni a ɗakin. Hausawa kuwa sun ce shawara ɗaukar ɗaki.

Mu fara duba yanayin ƙasarmu. A Yamai da Maraɗi zafin bazara yakan haura digiri 40, dole mu rufe tagogi da rana. Launi mai duhu yana shanye ɗan hasken da ya rage, har sai an kunna fitila da tsakar rana. Fari fat kuma shi ke tona asirin ƙurar hunturu. Don haka ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske ya fi dacewa da falo, shuɗi ko tsanwa mai haske kuma da ɗakin kwana. Wanda zanen gidajen unguwar Birni ta Damagaram ya burge, ya ware wa launuka masu ƙarfi bango guda ko kewayen ƙofa.

Gani ya kori ji. A shafa kaɗan a bango, a bari ya bushe, a dube shi da hantsi, a sake dubawa da dare a hasken ƙwan lantarki, domin fenti yakan sauya kama in ya bushe. Sabon yaɓen siminti kuwa a ba shi kamar mako 4 ya sha iska, in ba haka ba fentin zai yi ta ɓarewa. Lita guda takan rufe kimanin murabba'in mita 10 a shafa ɗaya, bango kuma yana son shafa biyu.

Sai babbar magana. Wasu fentin mai, musamman ja da rawaya, suna ɗauke da dalma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa dalma, komai ƙanƙantarta, tana cutar da ƙwaƙwalwar yaro, ga shi kuma yara ba su raina abin kaiwa baki. A karanta jikin gwangwani, a nemi wanda babu dalma, ɗakin yara kuma a yi masa fentin ruwa. Ranar kankare tsohon fenti, a jiƙa bangon tukuna, a nisanta yara da masu juna biyu. Araha ba ta ado.

Allah ya albarkaci gidajenmu, amin. Sai fitowa ta gaba.