A Ajiye Kifi A Aji, A Bar Shuka Ta Tace Ruwan

Galibinmu da ke wannan kwaleji makarantun firamare za a tura mu, da yawa kuwa na ƙauye ne. A can za a ce mu koya wa yara yadda kifi ke numfashi da yadda shuka ke cin abinci, alhali ba mu da kome a hannu sai alli da allo. Ni a ganina ya kamata kowane malami ya ajiye akwatin gilashi mai ɗan kifi a ajinsa. Na san da an faɗi haka wani zai ce, ina kuɗin injin tace ruwa, ina kuma wutar lantarkin da za ta juya shi? To, amsar tana nan cikin tukwanen shukar da ake ƙawata baranda da su.

Bari mu fara da abin da ke ɓata ruwan. Kifi ya kan fitar da wata guba da ake kira amoniya ta wajen da yake numfashi, watau ƙarƙashin murfin nan na gefen kansa. Kashinsa da ragowar abinci in sun ruɓe su kan ƙara wata. A kogi ruwa mai yawa ne ke kwashe ta, amma a akwati ba ta da inda za ta. Sai waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu zama jikin tsakuwa da saiwa, su juya ta ta zama naitirait, wanda shi ma guba ne, sa'an nan su mai da shi naitiret. Shi wannan da sauƙi, amma in ya taru ya kan raunana kifi, ya sa gansakuka ta rufe gilashi. Ga inda abin yake da daɗi: naitiret da amoniya su ne abincin shuka, irinsu ne manomi ke saye cikin buhun takin zamani. Abin da ke kashe kifi shi ke raya ganye.

Shukar da ta fi dacewa ita ce mai yaɗon nan da masu sayar da furanni ke kira fotos, mai ganye kamar zuciya, kore da ɗigon rawaya. A yanko reshe, a tsoma gindinsa cikin ruwan, a bar ganyen a waje. Kada a nutsar da ganyen, zai ruɓe. Barinsa a waje kuwa shi ne dabarar, gama iskar da ganye ke bukata ta fi samuwa a sarari bisa cikin ruwa, don haka shukar ta kan yi saurin girma, ta sha taki da yawa. Wanda bai sami fotos ba, yaɗon dankali ma ya kan yi aikin, kuma babu ƙauyen da za a rasa shi.

Kada a zaci sabon abu ne. A 1850 wani masani a Landan, Robert Warington, ya ba da labarin yadda ya ajiye kifi biyu cikin gilashi mai cin galan 12 tare da ciyawar ruwa da dodon koɗi, suka zauna lafiya ba inji ba kome. Su ƙwayoyin nan masu juya amoniya kuwa sai wajen 1890 wani mutumin Rasha, Sergei Winogradsky, ya ware su ya nuna aikinsu.

Amma fa kada in yi muku daɗin baki. Shuka ba ta kwashe dattin da ya kwanta a ƙasa, saiwarta kuma ba ta ƙara wa ruwa iska. Tilas akwatin ya zama mai faɗin baki, kifin kuma kaɗan, ƙanana. Tarwaɗa tana da juriya, amma ta kan yi girma ta cinye 'yan'uwanta. Kowane mako a kwashe kamar kashi 1 cikin 4 na ruwan a zuba sabo, in na famfo ne a bar shi ya kwana a buɗe tukuna saboda maganin da ake sa masa. Ƙwayoyin nan su kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita, saboda haka a fara da kifi ɗaya ko biyu. Mafi yawan kifin da ke mutuwa a hannun yara kuwa ƙauna ce ke kashe su, kowa ya wuce sai ya watsa musu abinci.

Akwai abu biyu da ba na wasa ba. Ganyen fotos yana da ƙaiƙayi mai zafi in an tauna, sai a gargaɗi ƙananan yara. Na biyu ya fi wannan nauyi. Kada malami ya ce zai bi Warington ya aiki yara rafi su kamo dodon koɗi. Waɗansu ƙananan dodon koɗi na rafukanmu su ke ɗauke da tsutsar tsargiya, mai sa yara fitsarin jini, ta fata kuwa take shiga. Haka kainuwa, tana shan taki ƙwarai, amma ta kududdufi ta kan zo da su maƙale a saiwarta. Gara a tsaya ga shukar gida, a wanke ƙasar saiwarta sarai, a tabbata ba a taɓa fesa mata maganin ƙwari ba.

Roƙona ga malamanmu na sashen kimiyya shi ne a kafa irin wannan akwati a ɗakin gwaje-gwaje tun farkon zango, a raba mana aikin kula da shi bi da bi, ana auna tsawon saiwa kowace Juma'a ana rubutawa. In lokacin gwajin koyarwa ya zo, kowane ɗalibi sai ya yanki reshe ɗaya ya tafi da shi makarantar da aka tura shi.